Kishin Pozdnyshev a kan dandamali

Assalamu alaikum. Abubuwa uku zan taɓo kan yadda ake mayar da Kreutzer Sonata, littafin Tolstoy marubucin Rasha, wasan kwaikwayo. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Na farko, labarin kansa. Tolstoy ya kammala shi a 1889. Pozdnyshev yana cikin jirgin ƙasa da dare, yana ba wani fasinja labarin yadda ya daɓa wa matarsa wuƙa, don yana zarginta da wani mai gogen Turawa, Trukhachevsky. Kotu ta sallame shi. Bakinsa kaɗai muke ji, matar kuwa ko suna ba a ba ta ba.

Wannan ne ya kai mu ga na biyu, labule. A tsarin Nancy Harris da aka nuna a Gate Theatre ta Landan a 2009, mutum ɗaya ke magana cikin tarago, matar da mai gogen suna bayan labule mai shara-shara. Ku lura da aikin irin wannan yadi. In ka haska shi ta gaba, sai ya zama bango. In ka kashe fitilar gaba ka kunna ta baya, sai mutanen su bayyana dishi-dishi. Inda ake ɓata abin shi ne a bar fitilar ɗan wasa ta zuba a kan labulen, shi ke nan matar ta ɓace. Ku rataya fitilarsa daga sama ko daga gefe, ya kuma tsaya nesa da yadin kamar taku biyu. Hasken baya a ɗaga shi a hankali. A hankali, na ce! Ba matar muke gani ba, abin da kishi ke nuna masa ne.

Na uku, kiɗan da matar ta buga da fiyano tare da mai gogen, wanda littafin ya ɗauki sunansa. Kiɗan Beethoven ne, makaɗin nan Bajamushe, na 1803, yana cin kusan minti 40, don haka a tsakuro daga kashin farko, mai saurin nan da ya hargitsa Pozdnyshev. A sauke murfin fiyano kada ya danne murya.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko matar ta ci amanarsa da gaske. Tolstoy bai nuna ba. Mijin ya dawo daga tafiya ya tarar da su suna cin abincin dare, iyakar abin da ya gani ke nan. Saboda haka kada mai ba da umarni ya sa su rungume juna cikin cikakken haske, in ya yi ya wanke mai kisa. Matar Tolstoy, Sofiya, ta ji zafin littafin har ta rubuta nata labarin daga ɓangaren mace, amma ita ce kuma ta je gaban Sarkin Rasha Alexander na Uku a 1891 ta nemo izinin buga littafin mijin nata.