Ka Ji Rauni a Wurin Aiki a Legas? Lissafa Kwana 14

[Hoto: wurin gini a Lekki, leburori na hawa bene da kwanon kankare a ka]

Kwanakin nan wani saƙon murya na ta yawo a wayoyin 'yan Arewa mazauna Legas, wai duk wanda ya ji ciwo a wurin aiki ya ɗauki hoton ciwon kawai ya nufi ofis, gwamnati za ta ba shi kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai mai saƙon ya tsallake matakin da mutanenmu suka fi faɗuwa a kai.

[Rubutu a allo: 2010, NSITF, kashi 1 cikin 100]

Bari mu yi sauri da abin da ba ya da wuya. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Disambar 2010, ta maye gurbin tsohuwar ta 1987. Hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ita ce ke riƙe da asusun diyyar. Wanda ya ɗauke ka aiki shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, kuma doka ta hana a cire ko sisi daga naka albashin. Maigadi, lebura na wucin gadi, ɗan koyon sana'a, mai aikin gida, duk suna ciki, ko da da baki aka yi yarjejeniyar. Har hatsarin hanya ma: in danfo ta kife da kai tsakanin gidanka a Agege da masana'antarku a Ikeja, dokar ta san da shi.

To, nan za mu ja birki.

[Hoto: ƙofar ƙarfe mai gungurawa, hannu naɗe da bandeji]

A ce maigadi ne, ƙofar ƙarfe ta matse masa hannu. Oga ya kai shi asibiti, ya biya, ya damƙa masa 'yan kuɗi. Bawan Allah ya ce "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe." Washegari ya hau mota sai gida, wurin mai ɗori. Bayan wata biyu ya dawo, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa, kuma an riga an sa wani a bakin ƙofar. Sai a lokacin wani zai ce masa ai akwai diyya.

Diyya akwai, amma dokar ta ce ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14 da faruwar abin. In rai ya yi halinsa, iyalin mamacin ne za su sanar. Wa za a gaya wa? Manaja, ko mai kula da ku, ko mai ba da agajin gaggawa, ko wanda aikin ke hannunsa a ranar. Abin da za ka faɗa kaɗan ne: sunanka, yaushe abin ya faru, a ina, wane irin rauni ne, me ya jawo shi. Ba a neman turancin lauya.

[Hoto: hannu yana rubutu a takardar littafin makaranta]

Ni dai shawarata, a rubuce. Takarda biyu: ka ba su ɗaya, su sa maka hannu da kwanan wata a ɗayar, ka adana. Ba ka iya boko ba? Ɗan ɗakinku ya rubuta maka. Kana kwance a asibitin ƙashi na Igbobi an ɗaure ƙafa? A tura wa manaja saƙo ta WhatsApp, a ɗauki hoton saƙon a ajiye. Yau kowa a wurin ya ga jini. Nan da wata shida kuwa, za ka sha mamakin yawan waɗanda "ba sa nan ranar."

Na san abin da ke hana mu: kunya. Mutum ya kai ka asibiti da motarsa, kai kuma ka bi shi da takarda? Malam, wannan takardar ba ƙara ba ce. Idan yana zuba kasonsa, diyyar daga asusu za ta fito, ba daga aljihunsa ba. Kuma tsarin ba ya jiran a gano mai laifi kafin a biya. Ogan da ya ɗaure fuska don ka kawo takarda, ni sai in fara tunanin ko bai taɓa zuba kashi ɗayan nan ba.

Wanda kwana 14 suka riga suka wuce masa, kada ya ce shi ke nan. Hukumar na iya karɓa in ta gamsu cewa wurin aikin sun san da raunin. Amma fa ka koma mai neman shaidu, ga ciwo ga zirga-zirga a cunkoson Legas.

[Hoto: kalanda, ana zagaye 14, sai 7, sai shekara 1]

Sauran bayani a gurguje. Su ma masu wurin aikin doka ta ba su kwana 7 su kai rahoto NSITF, don haka tambaye su: an kai? Neman diyyar kansa a shigar cikin shekara 1. Da ƙwaƙƙwaran uzuri ana iya duba shi har shekara 3. Takardun asibiti da rasiɗai, kada ko ɗaya ya ɓata. Wannan ma ya sa nake cewa a fara da asibiti kafin mai ɗori, don mai ɗori ba ya ba da rasit.

Me ake samu? Kula da lafiya, da taimakon komawa bakin aiki. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye, ita ma kashi 90. Cutar da aiki ya jawo, irin kurumcewa saboda ƙarar inji, tana ciki.

[Hoto: babban yatsa a kan tawada, a bar shi na daƙiƙa biyu]

In kuma aka miƙo maka takarda a gadon asibiti wai ka dangwala ka yafe haƙƙinka, dokar ba ta yarda da irin wannan yarjejeniya ba. Duk da haka kar ka dangwala sai wani naka ya karanta maka. Idan hukuncin hukumar bai yi maka ba, ka fara ɗaukaka ƙara a wurinta, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Ikoyi.

'Yan dakon Mile 12 masu cin gashin kansu, na ga tambayoyinku. Naku lissafin daban ne, sai bidiyo na gaba.