Koren rumfunan direbobin tasi na Landan

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Wanda ya taɓa yawo a Landan, wataƙila ya ga wasu 'yan ɗakunan katako, koraye shar, a bakin titi. Rumfunan direbobin tasi ne, kuma tun zamanin keken doki suke nan.

A wancan lokacin doka ta hana direba barin kekensa a tasha babu mai tsaro. To, ga sanyi, ga ruwan sama, ga yunwa, ina zai nufa? Sai mashaya. Ya ba yaro 'yan kuɗi ya riƙe masa doki, shi kuma ya fito a buge, fasinja ya shiga uku. Wannan ne ya sa a 1875 aka kafa gidauniyar Cabmen's Shelter Fund, da hannun Lord Shaftesbury da wani ɗan jarida, George Armstrong. Rumfa ta farko a unguwar St John's Wood aka kafa ta.

Ku lura da wani abu. Tunda a kan titin gwamnati suke, 'yan sanda suka gindaya sharaɗi: kada rumfa ta wuce girman doki da kekensa. Amma a wannan ɗan wurin aka cusa madafa da benci, mutum goma zuwa goma sha uku su zauna. Ba giya, ba caca, ba ashar. Kamar teburin mai shayi ne a tasha, sai dai wannan da rufi da dokoki. Har gobe direba mai lasisi kaɗai ke zama ciki. Ni da ku sai dai mu sayi shayi ta taga.

An gina 61. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da faɗaɗa tituna suka cinye mafi yawansu, saura 13.

Yanzu duka 13 ɗin suna cikin rajistar gine-ginen tarihi ta Ingila, a mataki na biyu. Ta ƙarshe da ta shiga ita ce ta Wellington Place, a 2024. Ma'ana, ba mai rushe ta ko sauya mata fasali sai da izinin ƙaramar hukuma. Abin da ya fi burge ni, ba a kulle su an mai da su gidan kallo ba. Ana soya ƙwai a ciki, gidauniyar nan ta 1875 kuma ita ke gyaransu har yau.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.