Harshen Holan da Malayalam: Zumuncin da Masoro Ya Ƙulla

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Ni ce Hadiza, tare da Malam Bello da Yaya Usman. Yau harsuna biyu za mu baje a faifai: harshen mutanen Holan, da Malayalam na jihar Kerala a kudancin Indiya. Malam, ranar da ka kawo wannan shawara sai na ce a raina, me ya haɗa kifi da kaska? Ni dai abin da na fi sani da Holan shi ne atamfa.

Malam Bello: Tambayarki na kan hanya, Hadiza. Ta wajen asali ba su haɗa kaka ba. Harshen Holan ɗan'uwan Jamusanci da Ingilishi ne, kuma mutum wajen miliyan 25 suka tashi da shi a baki, a Holan da arewacin Beljiyom da Surinam. Malayalam kuwa daga dangin Dirabidiya yake, Tamil ne ɗan'uwansa na kusa, kuma ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna masu shi sun kusa miliyan 35.

Hadiza: Ashe ma ya fi na Holan yawan jama'a!

Malam Bello: Ya fi shi. Abin da ya haɗa su kasuwa ce. Kerala ƙasar masoro ce, kuma a wancan zamani masoro dukiya ce babba a Turai. A 1663 kamfanin cinikin Holan da ake kira VOC ya ƙwace birnin Koci daga hannun Turawan Fotugal, suka zauna a gaɓar nan har 1795 da Ingilishi suka karɓe.

Usman: Ni kuma ta wata ƙofa na san Malayalam. Shekara bakwai na yi a Jidda ina aiki a kanti, abokan aikina kusan duka 'yan Kerala ne. Duk wanda ya je Hajji ko Umara ya yi ciniki da su ko bai sani ba. Abin da ya fara kama kunnena shi ne sauri, da yadda suke naɗe harshe can saman ganɗa.

Malam Bello: To mu fara da sautin. Kowane cikinsu yana da harafin da ke tona asirin baƙo. A Holan "g" ne, daga maƙogwaro yake fita, kusa da "kha" ta Larabci. Bahaushen da ya yi karatun allo ba zai sha wuya da shi ba.

Usman: A Malayalam kuma wanda ake rubutawa "zh" ne, kamar a sunan garin Kozhikode. Ba "z" ba ne ko kaɗan. Wani sauti ne tsakanin "r" da "l", harshe ya lanƙwashe baya ba tare da ya taɓa ganɗa ba. Ranar da na faɗi "mazha", wato ruwan sama, daidai, abokin aikina rungume ni ya yi don murna.

Hadiza: Mu ma ai "r" biyu gare mu, ta "rana" daban, ta "tara" ta ƙirga daban, ko da yake harafi ɗaya muke rubutawa.

Malam Bello: Madalla. Haka ma tsawon wasali. A Holan "man" namiji ne, "maan" kuma wata na sama, suna ninka harafin don a gane. Malayalam kowane wasali, dogo da gajere, yana da nasa harafi. Mu ne muka bar "gari" na zama da "gari" na tuwo da rubutu iri ɗaya, sai mai karatu ya gane da kansa.

Hadiza: Ginin jimla fa, Malam?

Malam Bello: Nan ne na fi jin daɗin kwatancen. Mu muna cewa "ina karanta littafi", aikatau a tsakiya. Usman, yaya mutanenka za su ce?

Usman: "Nyaan pustakam vaayikkunnu." Wato ni, littafi, karantawa. Aikatau kullum shi ne a ƙarshe.

Malam Bello: Shi kuwa harshen Holan ƙafa biyu ya raba. Idan jimlar na tsaye da kanta, sai su ce "ik lees het boek", kamar namu. Amma da zarar ka sa "domin" a gaba, aikatau ya gudu ƙarshe: "omdat ik het boek lees". A irin wannan jimla, ɗan Kerala zai ji kamar a gida yake.

Hadiza: Ikon Allah. Aro ne ɗaya ya yi daga ɗayan?

Malam Bello: A'a, ko kusa. Jamusanci ma haka yake yi, gadonsu ne tun kafin jirgin Holan ya ga tekun Indiya. Kama da wane ba ta wane, kamanni kaɗai ba ya nuna dangantaka. Ga wani kuma. A Holan aikatau yana sauyawa da mai aikin: "ik ga", "jij gaat", "wij gaan". A Malayalam ba ya motsi.

Usman: Gaskiya ne. "Pookunnu" ne ko ni ke tafiya, ko kai, ko su. Wannan ya sauƙaƙa mini ƙwarai.

Malam Bello: Kuma Tamil bai yi haka ba, Malayalam ne ya zubar da waɗannan ɗafe-ɗafen. Afirkans na Afirka ta Kudu, wanda ɗan cikin harshen Holan ne, shi ma ya zubar: "ek gaan", "jy gaan", "ons gaan". Inda Malayalam ya tara nauyinsa a ƙeyar suna ne.

Usman: Ƙwarai. Gida "viidu", a cikin gida "viittil", zuwa gida "viittileekku". Amma Hadiza, abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne "mu" ɗinsu guda biyu. "Nyangal" mu ne ban da kai da nake yi wa magana. "Nammal" mu ne har da kai. Na yi watanni ina jin suna cewa "nyangal" idan za su ci abinci ko za su fita. Wata rana a watan azumi babbansu ya dube ni ya ce "nammal" za mu sha ruwa tare. Har yau ban manta ba.

Hadiza: Kai, Yaya, wannan kalma ta yi aikin da dogon jawabi ba zai yi ba. Holan na da irinta?

Malam Bello: Babu, "wij" ɗaya ce kamar "mu" ɗinmu. Amma duka biyun sun san girmamawa. A Holan "jij" na tsara ne, "u" na babba ko baƙo.

Usman: Su kuma "nii" na yaro ko aboki, "ningal" na girmamawa, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Kuma ba sa kiran na gaba da su da suna gatsal, sai "ceettan" ga namiji, "ceeci" ga mace. Yaya ke nan.

Hadiza: Mu koma tarihi, Malam. Shekara 132 ba kwana biyu ba ne. Kalmomin Holan nawa suka zauna a bakin mutanen Kerala?

Malam Bello: Kaɗan ne ƙwarai. Wadda kowa ya sani ita ce "kakkuus", wato masai, daga "kakhuis" ta Holan. Tana nan ma a Tamil da Sinhala na Siri Lanka da harshen Indonesiya, wuraren da jiragen kamfanin suka yi zirga-zirga. Amma dubi na Fotugal: "meesha" tebur, "kaseera" kujera, "janaala" taga. Duk kayan cikin ɗaki ne.

Hadiza: Me ya kawo bambancin?

Malam Bello: Fotugal sun zo tun 1498, sun yi aure a can, sun gina coci da makarantu, harshensu ya shiga gida. Holan kamfani ne, idonsa na kan sikeli da rumbun masoro. Ko a ƙarƙashin mulkinsu, harshen Fotugal aka ci gaba da yi a gaɓar teku. Kuma tun 1741 ƙarfinsu ya fara karyewa, lokacin da Sarki Marthanda Varma na masarautar Tirabankor da ke kudancin Kerala ya ci su da yaƙi a Kolacel. A ganina dai, gadon kirkin da zaman nan ya bari littafi ne.

Usman: Wanne ke nan?

Malam Bello: Hortus Malabaricus. Gwamnan Holan a Koci, Hendrik van Rheede, ya sa aka tattara ilimin tsirran ƙasar, sama da 700, da zanensu da maganin da kowanne ke yi. An buga shi a Amstadam, juzu'i 12, daga 1678 zuwa 1693. A jikin zanen an rubuta sunan tsiro da haruffan Latin, da na Malayalam, da na Larabci, da na Nagari, wani rubutun Indiya. A nan ne haruffan Malayalam suka fara hawa injin ɗab'i.

Usman: Haruffan Larabcin ba su ba ni mamaki ba. Musulmin Kerala, Mappila, suna da nasu ajamin, Arabi-Malayalam. Wani abokina ya nuna mini waƙoƙin da kakarsa ke karantawa, na ga kamar na Hausa da muka gada.

Malam Bello: Haka yake. Kuma ina so masu sauraro su riƙe suna ɗaya: Itty Achudan. Mai maganin gargajiya ne ɗan ƙasar, daga al'ummar Ezhava da ake ƙasƙantarwa a wancan zamani. Ilimin gidansu, wanda aka gada a rubuce a ganyen wata bishiya ta can mai kama da giginya, shi ne ginshiƙin aikin, kuma shaidarsa da ya rubuta da harshensa tana cikin juzu'i na farko. Daga baya Linnaeus, wanda ya tsara yadda ake raɗa wa tsirrai sunan kimiyya, ya dogara da littafin sosai.

Hadiza: To da harshen Holan aka rubuta bayanin?

Malam Bello: Da Latin. Wannan ne ke sosa mini rai. Jikokin Achudan suna ganin sunayen itatuwansu da haruffansu, amma bayanin ya fi ƙarfinsu. Sai da wani masanin tsirrai ɗan Kerala, K. S. Manilal, ya kwashe shekaru sama da 30 yana bin tsirran ɗaya bayan ɗaya, har da koyon Latin. Fassararsa ta Ingilishi ta fito a 2003, ta Malayalam a 2008.

Hadiza: Shekara 330 ke nan bayan juzu'in farko. Allah Ya saka masa. Yaya Usman, lokaci ya cim mana, koya mana yadda ake godiya.

Usman: "Nanni."

Malam Bello: A Holan kuma "dank u wel".

Hadiza: Nanni, Malam. Nanni, Yaya. Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.