RAM na cika, top bai nuna komai ba: neman yoyon memori a birij

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare daga nan Jidda. Saba ce a gabana mai Linux da birij br0 a kai (birij shi ne switch na softwaya da ke haɗa VM da netwok), masu Proxmox ku vmbr0 zaku gani, duk ɗaya ne. RAM tana ta cika a hankali, ka buɗe top babu firogiram ɗin da ya ci da yawa, ƙarshenta OOM killer, mai kashe firogiram in RAM ta ƙare, ya fara kashe maka VM.

Na san kuna root, mu wuce. grep SUnreclaim /proc/meminfo, zai baka yawan memorin kanel da ba a iya ƙwatowa, rubuta lambar a takarda, bayan awa ɗaya ka sake dubawa. Idan kullum sama take yi bata saukowa, to abin a cikin kanel yake, wataƙila yoyo ne, wato ya karɓi memori bai sake ta ba. Sai slabtop -o -s c, zai jero kash-kash (cache) na memorin kanel, manyan zasu hau sama. Ni ido na yana kan skbuff_head_cache, nf_conntrack da bridge_fdb_cache.

To nan ku natsu don Allah, nan ne mutane ke ɓata kwanaki. SLUB, mai rabon memori a cikin kanel, yana haɗe kash-kash masu girma iri ɗaya ya basu suna guda, wato zaka iya ganin wani suna yana kumbura ka bi shi kana ta bincike alhali ba shi bane, wani ne aka cusa a ƙarƙashinsa, shi kuma bridge_fdb_cache ɗin ma ka neme shi ka rasa kace babu. Yana nan. Ka saka slab_nomerge a layin kanel cikin GRUB, update-grub, ka ristat, sannan kowa zai fito da sunansa. Kafin ka yi wannan kar ka yarda da sunan da slabtop ya baka, na maimaita, kar ka yarda.

Kuma ba duk kumburi bane yoyo. 'Yan uwanmu masu aikin netwok a otal-otal na Makka sun san wannan, lokacin Hajji ko goman ƙarshe na Ramadan wayoyin alhazai cike da wayfai, wayoyin yanzu kuma suna ƙirƙirar MAC na bogi, to teburin adireshin MAC na birij, wato fdb, dole ya cika. bridge fdb show br br0 | wc -l zai nuna maka. Amma wannan yana sauka da kansa, bayan sakan 300 birij ke mantawa da adireshin da ya yi shiru. Na conntrack, teburin da kanel ke bin diddigin haɗe-haɗe da shi, ya fi naci, in br_netfilter na aiki fakitin da ke ratsa birij suna bi ta iptables, kuma haɗin TCP da ya kafu sakan 432000 yake zama, kwana 5 kenan. In baka tace komai a birij ka mayar da net.bridge.bridge-nf-call-iptables zuwa 0. Masu Kubernetes ku bar shi a 1.



In duk ka duba waɗannan lambar bata daina hawa ba, sai kmemleak, mai gano yoyon memori a cikin kanel. Tun kanel 2.6.31 a 2009 yake nan, amma sai an gina kanel da CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK, wani kuma sai ka ƙara kmemleak=on wajen tashi. Yanzu echo clear > /sys/kernel/debug/kmemleak, a'a ku tsaya, scan tukuna, don clear abin da aka riga aka gano kaɗai yake sharewa. To echo scan, sannan clear. Yawwa. Yanzu ka takura wa birij ɗin, ni iperf3 nafi so, ina kuma ɗora veth, wato katin netwok na softwaya, ina cirewa. Sake scan, ka cat fayil ɗin. Kunga unreferenced object, ga girmansa, ga jerin fankishin da suka karɓi memorin a ƙasa, in ka ga masu farawa da br_ to birij ne.

kmemleak yana rage gudun na'ura sosai, kar ka kunna shi a sabar otal ana tsakiyar aiki, yi a na gwaji. Kuma memorin da babu mai nuni gare shi kaɗai yake kamawa, wanda ke maƙale a tebur ba zai gani ba, shi yasa muka fara da fdb da conntrack. Ka gwada sabon kanel na LTS tukuna, in yoyon yana nan ka tura wa masu kula da netdev, wato zauren imel na masu netwok ɗin kanel, abin da cat ya fitar tare da uname -r.