Laccar Malam kan tsibirin Zanzibar: abubuwan da bai kamata ka dawo ba ka gani ba

Wannan laccar wani malamin gona ɗan garinmu ne ya yi ta a filin firamare, nan ƙasar Auyo, ranar taron ɗalibai na hutun babbar sallah. Daga rikodin ɗin waya na kwafo, inda hayaniyar yara ta rufe maganar na tsallake.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai gari, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta. Iyayenmu mata da ke can baya ina gaisuwa. Sai ku ƙannena ɗalibai da kuka dame ni da waya sai na zo na yi bayanin tsibirin nan da na je, to ga ni.

Zanzibar dai a cikin tekun Indiya take, gabashin Afirka, ɓangare ce ta ƙasar Tanzaniya. Tsibirai ne da yawa amma manyan guda biyu ne, Unguja da Pemba, kuma wanda baƙi suka fi zuwa shi ne Unguja. A 1964 ne suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya, amma har yau suna da nasu shugaban da majalisarsu. Ƙidayar 2022 ta ce sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukkansu musulmi ne. Ni aikin gona ne ya kai ni Dar es Salaam, daga can na hau jirgin ruwa, wajen awa biyu ne a kan ruwa, kuma in kana da juwa kar ka cika cikinka kafin ka hau, na ga manyan mutane da babbar riga riƙe da leda.

Yanzu ku yaran nan abin da kuke gani a TikTok shi ne farin yashi da shuɗin ruwa da mutum kwance a kujera yana shan kwakwa. Akwai wannan, ban ce babu ba. Amma ni a ganina wanda ya kashe kuɗin jirgi tun daga Kano ya je ya kwanta a otal ya dawo, asara ya yi wallahi. Mu manoma ne, masunta ne, 'yan kasuwa ne, in ka je irin wannan wurin ka je ka ga yadda mutanen suke cin abinci da ruwan nan da ƙasar nan.

Abu na farko, ka tafi gabashin tsibirin, ƙauyukan Paje ko Jambiani, ka zauna ka ga teku ta janye. Mu nan kogin Haɗejia sau ɗaya yake cika a shekara, ya malale fadama, ya koma sai baɗi. To su sau biyu ne a kowace rana. Da safe ka ga ruwa har gindin bishiyoyin kwakwa, bayan wajen awa shida ka duba ka ga ya tafi can nesa, jiragen masunta suna zaune a kan yashi sun karkace. Wata ne ke jan ruwan da ikon Allah, shi ya sa kullum lokacin yake ƙara matsawa da kusan minti hamsin, kuma in wata ya tsaya ko ya cika sha huɗu janyewar ta fi nisa. Mutumin can kafin ya shirya komai sai ya fara lissafin ruwa.

To in ruwan ya janye sai ka ga mata sun fito layi layi da zannuwansu da mayafansu, ɗauke da igiyoyi da buhuna, su shiga ruwan da bai wuce gwiwa ba. Gona suka tafi. Eh gona, a cikin teku. Sun kakkafa turaku jere, sun ɗaure igiyar leda daga wannan turken zuwa wancan, a jikin igiyar kuma an ɗaɗɗaure 'yan gutsattsarin wata ciyawar teku da suke kira mwani. Babu taki, babu huɗa, babu ban ruwa. Wajen sati shida ta yi kauri sai a tsinke, a bar iri a sake ɗaurawa, sauran a kai tudu a shanya ya bushe. Na ɗauki ɗanyar a hannuna, santsi gare ta da ɗan tauri, wata kore wata ja ja. Kamfanoni ne ke saye su fitar waje, ana cire wani sinadari a ciki mai sa abu ya yi kauri, yana cikin man goge baki da askirim da kayan kwalliya. Wajen 1989 aka fara noman nan a matsayin sana'a, kuma ya riƙe gidaje da yawa, mace ta biya kuɗin makarantar ɗanta da shi. Amma kar ku ɗauka daɗi suke sha. Zaman tsugune ne cikin ruwan gishiri da rana, ido yana ciwo, baya yana ciwo, farashin kilo bai taka kara ya karya ba don mai saye shi ke yanka farashi, kuma ruwan ya ƙara ɗumi a shekarun nan, irin da ya fi tsada yana mutuwa a wurin da ba zurfi. Wasu ƙungiyoyin matan sai suka koma yin sabulu da man shafawa da ita da kansu. Iyayenmu mata masu ƙuli da man gyaɗa, wannan wurin saboda ku na tsaya na yi ta tambaya. In za ka shiga wurin ka sa takalmin roba, akwai wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi dogaye a ƙasan ruwan, in ka taka ta tafiyar ta lalace, kuma ka sa ido kar ruwa ya dawo ya tarar da kai can nesa.

Na biyu gonakin kayan ƙamshi. Wa ya taɓa ganin bishiyar kanumfari a nan? Babu. Kullum muna zuba shi a kunun zaƙi da shayi da yaji amma ba mu san uwarsa ba. Doguwar bishiya ce, sai an hau, kuma abin nan da muke ci ba 'ya'ya ba ne, tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, yana kore ya fara ja, a shanya a tabarma kwanaki har ya koma launin da kuka sani. Asalinsa daga tsibiran Indonesiya ne, Sarkin Oman Sayyid Sa'id wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar wajen 1840 shi ya matsa aka dasa shi da yawa. A 1872 wata guguwa ta kakkarya yawancin bishiyoyin Unguja, tun daga nan Pemba ta karɓe ragamar. A gonar za a ɓare maka bawon kirfa a jikin bishiya ka shinshina, a tono maka kurkur da citta, a fasa maka gyaɗar ƙamshi ka ga wani jan zare ya naɗe ƙwallon. Yaran gonar za su saƙa maka hula da ganyen kwakwa, ɗaya ya hau bishiya yana waƙa, duk neman na goro ne, ka tanadi canji.

Sai tsohon birnin, wanda Turawa ke ce wa Stone Town, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Gine ginen da dutsen murjani da farar ƙasa aka yi su, lungunan kamar na cikin kasuwar Kurmi ta Kano, mota ba ta shiga sai babur da keke, kuma ka bar kanka ka ɓata, duk inda ka bi ƙarshe bakin teku za ka ɓulla. Ku kalli ƙyauren gidajen, katako ne mai kauri an sassaƙa shi da furanni, wasu da ayoyi a sama, wasu da ƙusoshin tagulla. Akwai wani babban gida da Sarki Barghash ya gina a 1883, Beit al-Ajaib, shi ne farkon gidan da ya samu lantarki a tsibirin, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020. A gabansa ne aka yi yaƙin nan na 27 ga Agusta 1896 da jiragen Ingila suka yi wa fada ruwan wuta, bai kai awa ɗaya ba aka gama.

Amma wurin da nake so kowa ya shiga shi ne tsohuwar kasuwar bayi. An rufe ta a 1873, aka gina coci a wurin, kuma na san wani zai ce ai ni ba na shiga harabar coci. Ka shiga, tarihi za ka gani. Akwai ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufin ƙasa ƙasa sai ka sunkuya, tagar 'yar tsaga ce kawai, a waje kuma an yi gumakan mutane cikin rami da sarƙa a wuya. Kanumfarin da na gama yabo ɗazu bayi ne suka noma shi a wancan zamanin, an kamo su daga can cikin Afirka, kuma masu cinikin da yawansu masu salla ne irinmu, fitacce a cikinsu Tippu Tip gidansa na nan cikin birnin, ya rasu a 1905. Mu ma ƙasar Hausa mun san kasuwar bayi da rinji, ba labarin wasu ba ne kaɗai. Ranka ya daɗe a gafarce ni, amma gara yaran nan su ji daga bakinmu.

Maganar salla, malamai ku saurara. Alƙiblarsu arewa take kallo, domin Makka kusan saitin arewa take da su, ka bi sahu kawai kar ka ce za ka gyara wa liman. Yawancinsu Shafi'iyya ne, za ka ji bismilla a bayyane, akwai kuma 'yan Ibadiyya da asalinsu Oman. In da hali ka je Kizimkazi a kudu, akwai masallacin da rubutun da ke jikin mihrabinsa yake ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107, ku lissafa da kanku shekara nawa ke nan kafin jihadin Shehu na 1804. Agogonsu ma sai ka kula, suna gaba da mu da awa biyu, sannan a bakinsu ƙirgen awa daga fitowar rana yake farawa, bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya, in mai jirgi ya ba ka lokaci ka sa ya nuna maka a waya.

Abinci kuwa, da magariba ka je filin Forodhani bakin ruwa, ana kafa tebura da fitilu, ga tsire ga kifi ga jatan lande ga ƙaguwa, da wata miya mai tsami da suke ce wa urojo, ana zuba dankali da ƙosai a ciki. Ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemon tsami, shi kam kar ka bari ya wuce ka. Sai dai ka tambayi farashi kafin a ɗora maka a faranti, kuma ka sa a gasa a gabanka, wani kifin ya kwana. Ni na fi jin daɗin kasuwar Darajani da sassafe inda ake gwanjon kifi, kifi ɗaya sai mutum biyu sun kama. Masunta 'yan uwana, can za ku tsaya, da Nungwi a arewa inda har yau ake sassaƙa jiragen katako masu filafilai da hannu.

Sauran kuma a gurguje. Dajin Jozani akwai jajayen birai da ba a samunsu ko'ina sai tsibiran nan. Ƙaramin tsibirin Changuu akwai manyan kunkurai da aka kawo daga Seychelles a 1919, wasu sun haura shekara ɗari. Hawa kwalekwale ana korar dabbobin ruwan nan masu kama da kifi, masu tsalle, da ake kira dolfin don a yi hoto da su, ni bai burge ni ba, wahalar da dabba ce kawai.

Nan wani ɗalibi ya tambayi yadda ake zuwa da lokacin da ya fi.

Yauwa ƙanena. Daga Kano ana bi ta Addis Ababa a sauka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume. Da fasfo ɗin Najeriya sai ka nemi biza ta intanet ka jira amincewa tun kana gida, kar ka sayi tikiti kafin ta fito. Ka riƙe katin rigakafin shawara, kuma tun Oktoban 2024 sun sa wa baƙi inshorar dole ta dala 44. Kuɗinsu shilin ne na Tanzaniya. Ka guji Maris zuwa Mayu, lokacin babbar daminarsu ne, Yuni zuwa Oktoba ya fi sauƙin zafi. In aljihu ba nauyi ka bar tasi ka hau daladala, motar haya ce mai benci a baya, za a matse ka da buhunan gawayi da kaji amma za ta kai ka Paje da kuɗi kaɗan.