Fasto Ayokunle da kujerar da bai tashi daga kanta ba

Jama'a masu sauraronmu a Mai Wurno, Gadarif, Kasala da Damazin, assalamu alaikum.

Sharhinmu na yau a kan wani limamin Kirista ne na Najeriya, Rabaran Samson Ayokunle. Na san wani zai ce, mu Hausawan Sudan da yaƙi ya raba da gidajenmu tun watan Afrilun 2023, ina ruwanmu da faston Yarbawa? A ɗan yi mini haƙuri.

An haife shi a garin Oyo a 1957. Ya karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Ibadan, sannan ya shiga makarantar horar da fastoci ta Ogbomosho. A 2011 ya hau shugabancin ɗarikar Baftis ta Najeriya, ɗarikar da ta samo asali daga zuwan Ba'amurke Thomas Bowen ƙasar Yarbawa a 1850. A 2016 kuma aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN.

Shugabancin Baftis yana da wuyar sha'ani. Kowace ikilisiya cin gashin kanta take yi: ita ke kiran fastonta, ita ke biyansa, ranar taro kuma tsohuwar da ke zaune a bencin baya tana da ƙuri'a daidai da ta mai kuɗin da ya saya wa coci kwanon rufi. Shugaban ɗarika ba shi da sandar duka, sai lallashi da yawon ta'aziyya da sasanta rigimar dattawa. Da wa'adin Ayokunle na shekara 10 ya cika a 2021, ya miƙa wa Rabaran Israel Akanji. A 2022 ya bar kujerar CAN ga Daniel Okoh.

Ba mutum ne mai sanyin baki ba, kada a ce ina yi masa kwalliya. Ya caccaki gwamnatin Buhari kan tsaro ba dare ba rana. Bayan da Boko Haram ta kashe Rabaran Lawan Andimi a watan Janairun 2020, ya kira Kiristoci su fito tattaki. A watan Yulin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel ta Baftis a jihar Kaduna, iyaye suka yi ta zaman dirshan a harabar makaranta suna jiran labari. Musulmin Arewa da yawa sun ji zafin wasu kalamansa, musamman a rikicin hijabi na makarantun jihar Kwara, kuma ni ma ina ganin a can ya tsaurara fiye da kima.

To amma duk wannan zafin bai sa ya ƙaurace wa majalisar tuntuɓar juna ta addinai ba, wato NIREC, wadda aka kafa a 1999. Shi da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka riƙa jagorantarta tare. A yi musayar zafafan maganganu a jarida, a dawo a zauna teburi ɗaya. Wannan Sarkin Musulmi kuwa ɗan gidan Shehu Usmanu ne, gidan da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya fito, wanda ya jawo kakanninmu gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

A nan ne maganar ta shafe mu. A 2022, da batun ba Hausawa sarautar gargajiya a jihar Blue Nile ya rikiɗe ya zama faɗa da maƙwabta, ɗaruruwan rayuka suka salwanta, matasanmu suka fantsama kan titi a Kasala da Khartoum. Manyan ɓangarorin sun zauna, amma sai bayan an binne gawawwaki. Rigimar ta ƙasa ce da sarauta, kusan kowa a cikinta alƙibla ɗaya yake kallo, amma duk da haka ba a samu majalisar da ta saba haɗa su tun ana zaman lafiya ba.

Ranar da bindiga ta yi shiru, gonakin nan na bakin kogi suna nan, masu da'awarsu ma suna nan. Sarakunanmu da limamanmu da ke gudun hijira a Gadarif da Port Sudan suna iya fara neman takwarorinsu na maƙwabtanmu, ƙabilun Funj da Berta, tun yanzu.