Nutso da Tukunyar Iska a Bahar Maliya: Laccar da Aka Yi wa Matasan Masunta a Argungu

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Iyayena masu ruwa da ke zaune a gaba, ku yi mini afuwa, yau ga yaro zai yi maganar nutso a gaban Kabawa, alhali ba a koya wa ɗan agwagwa iyo. Sai dai ruwan da na shiga na gishiri ne, a wani gari da ake kira Dahab a ƙasar Masar, bakin Bahar Maliya. Idan gari ya yi garau, kana hango duwatsun Saudiyya a tsallake. Abu uku zan faɗa: kayan aiki, numfashi, sai halittun da ke ƙasa.

Na farko, kaya. Tukunyar iska a baya, bututu a baki, gilashin fuska, takalman roba masu faɗi, da ɗamarar dalma, don ruwan can gishirinsa ya fi na yawancin tekuna, ɗaga mutum yake yi sama. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su suka haɗa na'urar numfashin nan a 1943. Abin da ke cikin tukunyar kuwa iskar nan ce da muke shaƙa, an dai matse ta ne kawai. A ƙasa ba magana, sai alama da hannu. Ranar farko malamina ya tambaye ni ko lafiya, na ɗaga masa babban yatsa irin na 'yan Facebook. Ashe a wajensu ma'anarsa mu hau sama. Ya kamo ni muka fito, ko kifi ɗaya ban gani ba. (Dariya)

Na biyu, kuma saboda shi na zo. Wa ya fi kowa daɗewa a ƙasan ruwa a nan? Kai mai jar hula, kowa kai yake nunawa. To kai na fi ji wa tsoro.

Ku saurara. A gulbinmu na Matan Fada, ka cika ƙirjinka a sama, ka toshe, ka nutse. Ruwa ya danne ka, iskar ta tsuke, ka taso ta koma yadda take. Abin da ka shiga da shi, shi ka fito da shi, ba ƙari. Gwaninta ke nan, da ita ake cin gasar nutso a wasannin kabanci. Amma mai tukunya a can ƙasa yake cika huhunsa. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara maka nauyi daidai da na dukkan iskar da ke kanmu yanzu. A mita 10 nauyin ya zama biyu ke nan, iskar da ka shaƙa a wurin ta ninka ta sama kauri. Ka riƙe ta ka taso, sai ta buɗe ninki biyu. Ina za ta je? Huhu ba gora ba ne.

Malamin nan da balan-balan ya nuna mana. Mun durƙusa kan yashi a mita 10, ya hura shi kaɗan, bai wuce lemu ba, ya ɗaure. Muna hawa yana kumbura a hannunsa, yana kumbura, har fatarsa ta yi sheƙi. Da muka fito ya nuna balan-balan, ya nuna ƙirjina, bai ce komai ba.

Kuma duk da haka na yi! Ni ɗan bakin gulbi ne, tun ina ɗan shekara bakwai jikina ya san da ruwa ya rufe kai sai a toshe numfashi. Sau uku yana zungurina a ciki, yana nuna mini in fitar da kumfa. Shi Bature da ya koyi iyo a kwamin wanka bai sha wannan wahala ba, mu gwanaye mu ne abin ji. Na maimaita: da tukunya ba a riƙe numfashi, ko sau ɗaya.

Wani zai ce ai wurin ba zurfi. Nan ne ma haɗarin yake. Daga mita 30 zuwa 20, kashi ɗaya cikin uku kawai iska ke ƙaruwa. Daga 10 zuwa sama kuwa ninkawa take yi. Ko ruwan da bai wuce tsayin mutum biyu ba yana iya yaga huhu. Iska ta shiga jini, ta hau kai, mutum ya fito ya faɗi kamar mai shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa ake hawa a hankali, ana numfashi.

Na huɗu... a'a, na nawa muke? Kifaye dai. Lokaci yana gudu.

Duwatsun murjani da ke wurin, ku sani ba dutse ba ne, ba itace ba ne, dabbobi ne ƙanana masu gina gida da farar ƙasa, ɗaya kan ɗaya. Wani gansakuka ne a jikinsu yake ciyar da su da hasken rana, shi ya sa suka fi son inda ba zurfi. Ruwa ya yi zafi ya wuce kima, sai su kore shi su yi fari fat. Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya ɗan uwansu ne, amma shi daga tekun Bahar Rum aka fi samo shi.

Akwai kifi mai baki irin na aku, kana jin ƙarar gurgurarsa, ƙurus ƙurus, yana kankare dutsen, ya kasayar da yashi. Farin yashin da masu yawon buɗe ido ke kwanciya a kai, wani sashensa kashin kifi ne. (Dariya) Wanda ya fi burge ni ɗan siriri ne, bai fi yatsa ba, da baƙin zane a gefe. Shi ne carkin teku. Yadda carki ke cire wa saniya kaska, haka yake yi wa manyan kifaye. Na ga wani ƙato ya tsaya cak ya wangame baki, ɗan nan ya shiga ya fito ta kunnensa, wasu na jiran layi kamar gidan wanzami.

Na'am, Baba? A miƙa masa lasifika.

Baba yana tambaya, in jirgi ya kife da mutane, kamar yadda ya faru a Warrah ta nan jihar Kebbi a 2021, tukunyar nan za ta taimaka wajen nemo su? Allah ya jiƙansu. Ranka ya daɗe, za ta taimaka, amma ba a hannun irina ba. A Dahab ina ganin abokina daga nesa sarai. A kogin Neja kuwa, ko nan gulbinmu da damina, tafin hannunka ba ka gani, ga igiyar ruwa, ga tsofaffin taruna da itatuwa da za su sarƙe bututu. Aikin lalube ne, kuma ku kuka iya shi, ku da kuke taɓa giwan ruwa a duhu ku san ina kansa yake. Da ni ne mai zaɓe, yaran nan zan ɗauka a horar, ba baƙi ba, a ɗaura musu igiya mai riƙo daga sama. Sai dai kafin a ba mai jar hula tukunya, a bar ni da shi mako biyu da balan-balan.

An kira la'asar ko? To mu tashi.